Tutar Ngalawa Ta Zo Madina

Tsibirin Ngazija, Komoro
Farkon Rajab

Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna gaisuwa ta musamman. Yaya gwiwoyinta, yaya idon? Ki ce mata autanta lafiyarsa ƙalau, sai dai kifi ya fara fita mini ta hanci. Tunda har yanzu ba ta ɗaukar saƙon murya a bakin komai, ga shi na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo. Ki karanta mata a hankali, kuma kada ki tsallake inda na yabi kaina kamar yadda kika saba.

Albishirinku, Ngalawa ta ɗauki kofin ƙasa! A wasan ƙarshe ni na tare fenaretin da ya raba gardama. Kin tuna kina cewa ƙwallon bayan gidajen Al-Sih ba ta kai mutum ko'ina? To ta kai ni inda gari guda ke ihun “Madina! Madina!”, domin sunan da suke kirana ke nan. Rabon ƙungiyar nan da kofi tun kafin na iya ɗaure igiyar takalmi.

Ga abin da ya sa nake sauri. Ƙungiyar tana da tuta, kuma duk wanda ya ci kofi ana sa sunansa a jikinta. Mze Bakri ke ajiye ta. Mze shi ne yadda suke ce wa dattijo. Bai taɓa barin ta ta tsallake teku ba, amma da aka zo kan sunana sai ya ce ɗan Madina, a Madina za a sa sunansa, ita ma tutar ta shaƙi iskar garin Manzo. Wata baiwar Allah 'yar garin nan za ta taho umara, ita za ta kawo muku har gida.

Za ki ga ta sha wahala, har za ta ba ki tausayi. Na san hannunki, ki kula da ita yadda kika iya. Inna za ta sa sunana.

Ana jirana a bakin ruwa, za mu tsallaka tsibirin Nzwani buga wasu wasanni. Sauran bayani in mun sauka.

Ƙaninki,
Saminu

*

Al-Sih, Madina
Tsakiyar Rajab

Saminu,

Wa alaikas salam. Muna lafiya. Gwiwoyin Inna sun ɗan saki har ta taka Harami ranar Juma'a, idon dai sai addu'a. Na karanta mata takardarka sau uku, ban tsallake komai ba. Ta yi guɗa da wannan muryar tata da ta tsufa har maƙwabta suka leƙo. Yanzu duk wadda ta shigo sai ta ji labarin fenareti, alhali Inna ba ta san mene ne ba, tana zaton wata dabba ce ka kama. Mabruk. Na janye maganata a kan ƙwallo, amma rabi kawai.

Tutarku ta iso. Ya Saminu, wannan ita ce tutar zakarun ƙasa? Da na warware ƙunshin sai da na ja da baya. Tsummar da Osman bakanike ke goge hannu ta fi ta kyan gani. Ga tabon hannaye baƙi ƙirin kamar an yi dambe da tukunya, ga warin kifi da gishiri, ga gefuna duk sun zare. Sunayen kuwa kada ka tona. Wani ya nufi sama, wani ya gangara, wani da jan zare, wani da zaren buhu. Akwai ɗaya da aka ɗinka da wata koriyar igiya mai kaushi, har ta karce ni a yatsa. Na ce bayin Allah, ashe babu mai surfani ko ɗaya a tsibirin.

Na gane abin da kake nufi da ka ce ka san hannuna. Kunya ce ta hana ka faɗa kai tsaye. To ka kwantar da hankalinka. Ba za a ce abu ya zo garin Manzo ya kwana a gidanmu ya koma da dattinsa ba, ina raye.

Na jiƙa ta a maganin cire tabo har ta yi fari tas. Na kwafe sunayen duka a takarda, ban bar ko ɗaya ba, sannan na zauna da reza na warware su. Bayan an tashi aiki na kai ta mashgal ɗinmu, inda muke surfanin abayoyi, na hau keken surfani mai kwamfuta. Ka zo ka ga layi! Kowane suna a miƙe, girmansu ɗaya, zare shuɗi mai sheƙi. Na bi gefunan da ƙyalle sabo, na yi mata guga. Naka na sa shi a tsakiya da zaren zinare, na ɗan ƙara masa girma. Kai ka tare fenaretin, ba wani ba.

Inna ta so ta hana ni. Cewa take, “Raudatu, kayan mutane ne, ki jira yaron nan ya yi bayani.” Na ce, “Inna, bayanin me? Datti ai ba ya bukatar tafinta.” Ta ce ita aka ce ta sa sunanka. Na ce da wane idon? Ba ta ko ganin kafar allura. Sai ta zauna a ƙasa tana tsintar guntayen zaren da nake zubarwa. Ka san ta da zare, ko na bakin buhun shinkafa ba ta yarwa.

Ban ɗauki hotonta yadda ta zo ba, don kada wani ya gani a wayata. Ga hoton yadda ta koma. Ka nuna wa Mze ɗinku, ka ce masa kyautar Madina ce.

Me ya sa saƙonnina ba sa shiga wayarka?

Yayarka,
Raudatu

*

Ngazija
Ƙarshen Rajab

Yaya Raudatu,

Sallama da gaisuwa, da fatan ke da Inna kuna lafiya. Ku yafe mini shirun. Igiyar ruwa ta watso cikin jirgi ta kashe mini waya tun ranar da muka tafi, ban ga komai daga gare ku ba har yanzu. Da wayar abokin wasana Haisam nake turo wannan, nan za ki riƙa samuna.

Na san tuta ta iso, kuma na san kin yamutsa fuska. Bari in ba ki labarinta yadda Mze Bakri ya ba ni, ki karanta wa Inna kafin ta ɗauki allura, don ta san inda sunan ɗanta zai zauna.

Masunta ne suka kafa ƙungiyar. Ngalawa ma sunan ƙaramin kwalekwalensu ne. In ruwa ya janye sai su kafa sanduna a yashi su buga, in ya dawo wasa ya tashi ko wa ke ci. Da suka samu shiga gasar manya ba su da tuta, sai mahaifin Mze Bakri ya yanko daga ƙyallen da iska ke tura kwalekwalensa da shi. Ƙyallen da ke hannunki ke nan. 'Yan birni sun yi ta yi musu dariya, suna toshe hanci in sun shigo fili. A shekara ta uku masu warin kifin suka ɗauke kofi, rabinsu ba takalmi.

Ranar nan kyaftin ya faɗi a taɓo, ya tashi ya goge hannunsa a tutar yana kuka. Tun daga nan ya zama al'ada, duk kyaftin da ya ɗaga kofi sai ya shafi ƙasar filin ya dangwala. Tabon hannu huɗu na dā, na biyar ɗin namu ne, bai ma gama bushewa ba aka naɗe ta. Ba a wanke ta. Har lokacin da guguwa ta kwashe rufin filinsu, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu shekara da shekaru, manyan 'yan wasa suka watse, tutar nan ce Mze Bakri ke ratayawa a bishiya don a san Ngalawa ba ta mutu ba.

Sunayen kuwa ba tela ke ɗinkawa ba. Uwar kowane ɗan wasa ce ke ɗinka sunan ɗanta da hannunta, da zaren da ta samu a gidanta. In ba uwa, sai wadda ta rene shi. Shi ya sa kika ga kowane da kamarsa. Mutanen garin ba karanta sunayen suke yi ba, ɗinkin suke ganewa. Yaro zai nuna ya ce wannan hannun kakata ne. Yawancin matan nan sun riga mu gidan gaskiya.

Ki duba gefen hagu, akwai wanda aka yi da koren zaren koma. Hamid ne, ɗan Mze Bakri shi kaɗai. Shi ya ci ƙwallon da ta kawo kofi na uku. Bayan shekara biyu ya fita kamun kifi bai dawo ba, babu gawa babu kabari. Uwarsa Hidaya ita ta ɗinka, da zaren da take ɗinke komar mijinta, ita ma ta rasu. Idon Mze ya kusa tafiya, da yatsa yake lalubo sunan, kaushin zaren ke nuna masa. Kafin kowane wasa sai ya taɓa shi ya yi addu'a. Ranar da zai ba da tutar sai da ya daɗe da yatsansa a wurin.

Don haka ki ce wa Inna kada ta damu in ɗinkinta ya karkace, haka ake so. Ke kuma na san ki da tsabta. Don Allah ki sa ta a inda yara da ruwa ba za su kai ba. Abin da nake nufi da kula ke nan.

Saminu

*

Al-Sih, Madina
Ƙarshen Rajab

Saminu,

Wa alaikas salam. Jikinmu lafiya. Abin da zan iya cewa ke nan a kan lafiya.

Takardarka ta same mu bayan la'asar. Na fara karanta wa Inna da murya, ina dariyar masu warin kifi. Da na zo inda ka ce ba a wanke ta, sai na tsaya. Inna ta ce, “Ci gaba.” Na ce ina zuwa, zan sha ruwa. Ta ce, “Ki ci gaba, Raudatu, kada ki tsallake komai.” Haka na karanta har kan Hidaya, tutar tana rataye a gabanmu fara fat, tana ƙamshin sitaci.

Na sake turo maka takardata ta baya da hoton, a wayar abokinka. Ka karanta, ba zan iya maimaitawa ba. Babu tabon hannu ko ɗaya. Babu ɗinkin uwa ko ɗaya. Koren zaren ma ni na yanka shi gunduwa-gunduwa, ina mitar ya karce ni.

Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara nawa ina taƙama da cewa layina ba ya karkacewa, duk mashgal ni ake kira in amarya ta kawo aiki. Ashe ban iya kallon ɗinki in ga wadda ta yi shi ba. Na kalli matan nan na ce babu mai surfani a tsibirinsu. Abin da ya fi ci mini rai, Inna tana zaune a gefena na ce mata da wane idon.

Bari in gaya maka har inda shaiɗan ya kai ni. Na ce wa Inna zan warware na keken, in sa 'yan matan wurin aiki kowace ta kwaikwayi karkataccen ɗinki, in shafa shayi da gawayi a madadin tabon, tunda tsohon ba ya gani sosai. Inna juyowa kawai ta yi ta dube ni da idon nan da na raina. Na tashi na shige ɗaki.

Kai kake cikinsu, kai za ka sha kallo saboda ni. In kana so in rubuta wa Mze Bakri da kaina, zan rubuta. Ka ce masa yayarka ce, ba kai ba, ba Inna ba.

Raudatu

*

Ngazija
Farkon Sha'aban

Yaya,

Sallama. Ki gaishe da Inna.

Na ga hoton. Na rubuta miki takarda biyu na yaga, gara da ba ki gan su ba. Da na huce na tuna cewa layi ɗaya ya isa ya hana duk wannan, ni kuma na ɓata takarda wajen yabon fenareti. Ba ke kaɗai ba ce.

Na je gidan Mze Bakri na faɗa masa, a gaban ƙofarsa, yana gyaran ƙugiya. Ya tambaya, “Duka?” Na ce duka. Ya ce, “Har na hagun?” Na ce har shi. Ya ci gaba da abin da yake yi. Na tsaya har ƙafata ta gaji, bai kore ni ba, bai ce in zauna ba.

Garin ya ji. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar Asabar na tare ƙwallo mai wuya, filin ya yi tsit, ba wanda ya kira Madina. Matar da ke aiko mini da abinci tun zuwana ta daina. Na bincika, ashe ɗinkin mahaifiyarta na cikin waɗanda aka warware. Shugabannin ƙungiya sun ce za a zauna a kan zamana in tuta ta dawo.

Mze ya ce kada a aiko ta da kowa. 'Yar ƙanwarsa za ta kawo shi umara a watan nan, zai karɓa da kansa. Na ba su lambarki. Yana jin Larabci, irin na littafi, ki yi masa a hankali. Kada ki shirya masa dogon jawabi.

Saminu

*

Al-Sih, Madina
Ƙarshen Sha'aban

Saminu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna ta ce in ce maka ka ci abinci ko ba a aiko ba.

Mze Bakri ya zo jiya da hantsi. Na ɗauka zan ga ƙaton mutum, sai ga ɗan tsoho siriri cikin farar riga, 'yar ƙanwarsa na riƙe da gwiwar hannunsa. Na dafa gahawa, na jera dabino, na yi tuwo da miyar kuɓewa don ya ɗanɗana namu. Bai taɓa komai ba. Bayan gaisuwa ya ce, “Ina take?”

Na shimfiɗa masa ita a kan cinya. Ya fara kai ta hanci. Sannan ya ɗora yatsa a gefen hagu ya fara bi. Ya bi layi na farko, ya bi na biyu, ya koma baya. Ko'ina sumul, Saminu. Aikina ne, babu inda yatsa zai tsaya. Ya yi ta lalube ina kallo, har ya ɗago kai ya ce da Larabcinsa na allo, “'Yata, ina Hamid?”

Ni na kama yatsansa na ɗora masa a kan sunan ɗansa. Ya shafa, ya ce, “Nan ne?” Na ce nan ne. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata. Duk abin da na tanada na ban haƙuri ya gudu, kuka kawai nake yi kamar yarinya.

Sai Inna ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da tsohon gwangwanin madara. Ashe zaren da take tsinta ba tarawa kawai ta yi ba. Kowane suna da na warware, ta naɗe zarensa daban a jikin ƙwallon dabino. Ba ta san na wane da wane ba, ta dai ƙi haɗa su. Ta juye su a tire ta tura gabansa. Ya sa hannu yana taɓawa ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan guda. Bai tambayi kowa launinsa ba. Ya damƙe shi a tafin hannu, ya sunkuyar da kai har aka kira azahar.

Bayan salla ya ce wa Inna, “A garinmu in uwa ba ta nan, wata uwar ke ɗinkawa. Za ki iya?” Inna ta ce, “Ido babu, amma hannu na nan.” Zaren guntaye ne, saboda rezata. Ta zauna tana ƙulla su ɗaya da ɗaya, sannan ta ɗinka Hamid a kan nawa shuɗin, duk ƙulli, duk tudu. Da ta gama ya ɗora yatsa daga can nesa, ya biyo, ya tsaya cak a wurin da kansa. Ya ce, “Ba hannunta ba ne. Amma zarenta ne.”

Na roƙe shi gafara. Ya ce nasa ya yafe, amma ba zai ari bakin sauran gidajen ba. Zai tafi da gwangwanin, ya bi gida-gida, kowa ya nemi zaren uwarsa, wanda ya gane ya samu mai ɗinka masa. Ya ce kai za ka riƙe masa tiren, a kowace ƙofa. Tabon hannayen kuwa ya ce sun tafi ke nan, bai ƙara komai a kai ba. Ban san abin da shugabanninku za su yanke ba, shi ma bai yi mini alkawari ba.

Sai yatsansa ya faɗa kan na zinaren. Ya ce, “Wannan babban fa, wane sarki ne?” 'Yar ƙanwar ta karanta masa. Ban jira ya yi magana ba, na ɗauko reza na warware shi a gabansa. Na ce, “Baba, ka ba ni wani aiki, kowane iri, in rage.” Ya ce, “Ki zura wa mahaifiyarki zare a allura.”

Na zura. Baƙin zare ne, na cikin kwandonta, wanda take yi maka facin wando da shi in ka dawo daga ƙwallo gwiwa a yage. Ta zaɓi wani lungu a ƙasa, kusa da gefe. Tun daga farko layin ya fara gangara. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, sai da na zauna a kansa. Tana ɗinki tana ba tsohon labarin yadda kake fasa mata tulu da ƙwallo, shi kuma a lokacin ne ya miƙa hannu ya ɗauki dabino ɗaya.

Jibi za su taso, tutar na hannunsa. Sunanka ya karkace, Saminu, ƙarshensa ma ya kusa faɗowa daga ƙyallen. Ko sun bar ka ko sun sallame ka, kada ka yarda kowa ya gyara shi.

Yayarka,
Raudatu